KEKE KO MOTA: WA KE RIGA ISA KASUWA?

Makon jiya gardama ta kaure a wata rumfa a kasuwar Makarfi tsakanin wani mai sayar da rake da ƙanensa wanda ke aikin ofis. Mai rake ya ce shi da kekensa kullum ya kan riga ƙanen nasa shiga gari, alhali kuwa ƙauyensu ɗaya, kuma tare su ke barin gida bayan an sha koko. Ma'aikacin ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, yaushe ƙarfen da a ke takawa da ƙafa zai riga mota? Ai tafiyar da za ka yi cikin awa guda, direba minti goma ya ke yinta." Mutanen rumfa suka rabu biyu, kowa na rantsuwa. Daga baya aka kawo mana maganar aka ce mu raba gardama. Mun kuwa karɓa, domin ko da ya ke ta yi kama da hirar rumfa, magana ce da ta taɓa aljihun kowane talaka a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan.

Tun da fari mu faɗi keken da mu ke nufi. Ba mai ƙafa uku mai shan mai ba, a'a, keken ƙafa, wanda tsofaffinmu ke kira basukur. Motar da mu ke nufi kuwa ita ce motar haya, wadda talaka ke shiga. Wanda ke da motar kansa a ƙofar gida da mai cike da tanki ba da shi mu ke ba, shi kam ya riga kowa, Allah Ya ƙara masa.

To, jama'a, gaskiyar ma'aikacin nan a fili ta ke, sai dai rabin gaskiya ce. A ce tsakanin ƙauye da kasuwa kilomita 10 ne. Mota mai tafiyar kilomita 60 a awa za ta cinye wannan cikin minti 10. Mai keke lafiyayye wanda ba ya ɗauke da kaya ya kan yi kamar kilomita 15 a awa, watau minti 40 ke nan. In ya ɗaura damin rake ko buhun masara a kariya, ya koma kamar kilomita 10 a awa, sai ya yi awa guda cur. Wanda ya tsaya a nan ya rufe lissafi zai ce mota ta yi nasara, a tashi. Irin wannan lissafi shi a ke yi a manyan ofisoshi sa'ad da a ke zana hanya a takarda, domin mai zanen bai taɓa zama a tasha yana jiran mota ta cika ba.

Amma ku da ku ke shiga motar kun san tafiya ba daga lokacin da direba ya tada inji ta ke farawa ba. Daga ƙofar gida ta ke farawa. Mutumin da ke zaune a cikin ƙauyukan Gubuci ko Gazara, ko can wajen Kurmin Kogi da Saulawa, ko a ƙasar Likoro da Kauran Wali, in gidansa ba a bakin titi ya ke ba, sai ya fara takawa da ƙafa zuwa inda mota ke bi. Ya isa, sai jira. In a tasha ne, mota ba ta motsi sai ta cika. Ɗan kamasho na ta ihu, "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!" Ka shiga da murna, ka ga kujeru cike, ashe rabin mutanen da ke ciki 'yan zaman cika ido ne, da fasinjan gaske ya zo sai ɗaya ya sulale ya fita. Wa bai san wannan ba? An cika, sai a tsaya ɗaurin kaya. An ɗaure, sai a biya gidan mai. An hau hanya, sai a sauke wannan a ɗauki wancan, a tsaya a shinge direba ya sauka ya gaisa da masu shinge, gaisuwar da kowa ya san ba ta baki kaɗai ba ce. An iso, a sauke ka a tasha, alhali rumfarka ko makarantar da ka ke koyarwa tana can wani gefen gari.

Bari mu sassauta wa mota, mu ce duk wannan takawa da jira da tsaye-tsaye minti 40 ne kacal, ko da ya ke da yawanku za su ce mun yi mata rangwame ƙwarai. Yanzu ku ɗauko alli mu sake lissafi. Keke na cin minti 4 a kowace kilomita, mota na cin minti 1, amma mota na da bashin minti 40 a wuyanta tun ba ta tashi ba. A tafiyar kilomita 5, mai keke minti 20, mai shiga mota minti 45. A kilomita 10, mai keke minti 40, mai mota minti 50. Sai an kai wajen kilomita 13 kāna su yi kunnen doki, wannan 52, wancan 53. Daga nan kuwa mota ta fara tserewa: a kilomita 30 mai keke sai ya yi awa 2, mai mota awa guda da minti 10. Ashe mai rake bai yi ƙarya ba. Shi da ya taka kekensa ya wuce, ƙanensa na nan bakin titi yana leƙen hanya. Sauri ya haifi nawa.

Wannan ma ba shi ne babban lissafin ba. Babban shi ne wanda ba agogo ke nunawa ba, watau awoyin da mutum zai yi yana gumi kafin ya sami kuɗin motar. Kuɗin mota ba daga sama ya ke faɗowa ba, lokaci ne da aka riga aka kashe a gona ko a rumfa ko a aji. A watan Yuli na 2024 an sa hannu a kan doka cewa kada a biya ma'aikaci ƙasa da naira 70,000 a wata. Ku raba wannan da kwanakin aiki 22, kowace rana awa 8, za ku ga awar mutum ɗaya ba ta kai naira 400 cikakka ba. To, a ce kuɗin mota naira 500 ne zuwa, 500 dawowa. Kowa ya sa adadin da ya ke biya a hanyarsu, mu misali mu ke yi. Naira 500 ga mai wannan albashi aikin awa guda ne da kwata. Saboda haka tafiyar nan ta kilomita 10 da aka ce minti 10 ce, in ka haɗa jira ka haɗa gumin kuɗinta, ta haura awa 2. Mai keke kuwa minti 40 ɗinsa na nan, sai ɗan abin faci da giris. Kuma ku tuna yawancin masu karanta wannan jarida ba su da albashi ko kaɗan. Mai tallar tumatir da mai sayar da mazarƙwaila, ribar yini ce a hannunsu, wata rana ta zo, wata rana ta ƙi.

Kada wani ya ce mu muka ƙago wannan irin lissafi don mu ɓata wa masu mota. Wani malami mai suna Ivan Illich, haifaffen birnin Biyana, ya yi shi tun 1974 a kan mutanen Amurka, ƙasar da ta fi kowace son mota. Ya haɗa awoyin da mutum ke yi a cikin mota tana tafiya ko tana tsaye, da awoyin da ya ke yi yana aiki don ya biya kuɗinta da na mai da na inshora da haraji, ya ce sun kai awa 1,600 a shekara, tafiyar da a ke samu kuwa mil 7,500. In ka raba, bai kai mil 5 a awa ba. Ɗan kasuwar da ya saba da tafiyar ƙafa ba a bar shi a baya da nisa ba ke nan, balle mai keke. A birnin Landan kuma, kamfanin TomTom mai auna tafiyar motoci ya ce a shekarar 2023 kilomita 10 a tsakiyar gari ta kan ci wa direba minti 37 da 'yan daƙiƙu, kusan daidai da mai keken ƙauyenmu. Sai dai ciwon nasu daban ne da namu. Su motoci ne suka yi musu yawa har suka toshe hanya. Mu kuwa motar ce ba ta isa ba, kuma wadda ke akwai ta fi ƙarfin aljihu.

Ta kuwa ƙara fin ƙarfinsa tun ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin ranar farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500 a nan Arewa, a watan Oktoba na 2024 kuma ya wuce 1,000 a Abuja. A wannan farashi, lita guda aikin awa 2 da rabi ce ga mai ƙaramin albashi. Ba mu ga laifin direba ba in ya ƙara kuɗi, ba mu kuma ga laifinsa ba in ya ƙi tashi da kujera ɗaya babu kowa, domin shi ma da kuɗin ya ke sayen mai, ga mai mota na jiran balas da yamma. Amma ku lura da yadda abin ke cin talaka ta fuska biyu: mai ya yi tsada, fasinja sun ragu, mota ta ƙara daɗewa ba ta cika ba. An ƙara maka kuɗi, an kuma ƙara maka jira.

Wani zai ce, to ai ga babur. Gaskiya ne, ɗan acaɓa ba ya jiran cika, kuma yana shiga inda mota ba ta shiga, shi ya sa ya kori keke daga ƙauyuka da yawa. A gudu ya fi keke nesa ba kusa ba. Amma shi ma mai ya ke sha, kuma mutum ɗaya ko biyu ke biyan kuɗin man, ba mutum goma ba. In ka mai da kuɗinsa awoyin gumi, sai ka ga inda aka fito nan aka koma.

Ba za mu yi muku zaƙin baki ba, keke na da iyakarsa. Mace mai naƙuda ba a kai ta asibiti a kariya. Tsoho mai ciwon gwiwa ba ya taka feda. Kwandunan tumatirin Ikara da za a kai Zariya ko Kano ko Kudu, lori ne maganinsu, tumatir ba ya jiran kowa, in ya kwana biyu a rana ya zama ruwa. Ma'aikacin da ke kwana a Zariya yana zuwa aiki Makarfi ko Ikara, ba mai hankalin da zai ce masa ya hau keke kullum. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga ruwan Agusta. Duk mun yarda. Abin da mu ke cewa shi ne, tafiyar yau da kullum ta mafi yawan mutanenmu gajeriya ce: daga gida zuwa fadama, daga ƙauye zuwa kasuwar mako, daga unguwa zuwa makarantar sakandare. A irin wannan tafiya keke ne sarki, amma shi ne kuma aka fi wulakantawa.

Da ba haka abin ya ke ba. Ku tambayi dattawa. A zamanin En'e malamin makaranta da malamin asibiti da akawu a kan ba su bashin keke, a riƙa cira daga albashi kaɗan kaɗan. Saurayin da ya sayi sabon Raleigh ya kan naɗe shi da kyalle, ya sa masa madubi da ƙararrawa, ranar kasuwa a yi ta kallonsa. Har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano. Yau kuwa malami ya hau keke zuwa makaranta sai a ce, "Wayyo, Malam ya karye." Saboda gudun wannan magana mutum zai ƙwammace ya ba da sulusin albashinsa a tasha ya kuma makara. Mu kanmu talakawa muna da laifi a nan, mun ɗauki ma'aunin masu kuɗi muna auna kanmu da shi.

Amma babban laifin ba namu ba ne. Ku dubi hanyoyin. A ƙarshen 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, kilomita 375, aka soma aiki a 2018. Wannan hanya ta ratsa ƙasar Makarfi ta Tashar Yari. Ba mu ƙi ta ba, alheri ce ga mai zuwa Kano. Amma an yi ta ne don wanda zai wuce, ba don wanda ke zaune a gefenta ba. Gwargwadon kyawun kwalta, gwargwadon gudun mota, kuma mai keke ɗauke da damin rake da tirela ta wuce shi, iskarta kaɗai ta isa ta jefa shi a rami. In kuwa gonarsa na wancan hannu, ƙetarewa da kaya sai an yi shahada. Haka abin ya ke a hanyar da ta tashi daga Zariya ta bi ta Hunkuyi ta nufi ƙasar Katsina. Minti 40 ɗin da muka lissafa ba su da amfani ga wanda bai isa da rai ba.

Wanda ke shakka ya tuna da Cif Ojo Maduekwe. A 2001 yana ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya tashi haiƙan yana kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja. Bas ta buge shi ta jefa shi a kwata. Jaridu suka yi ta yi masa dariya, maganar keke ta mutu. Mu ba mu ga abin dariya ba. Idan minista, a babban birnin ƙasa, bai tsira ba, ina ga mai rake a Tashar Yari? Kuskurensa ɗaya ne, ya kira mutane su hau keke bai fara gyara musu inda za su bi ba.

Can cikin ƙauye kuma ba gudun mota ke hana keke ba, rashin hanyar ne gaba ɗaya. Da rani burji na da daɗin keke. Da ruwa ya sauka, kwalbati ɗaya ta karye, shi ke nan, sai mutum ya sauka ya saɓa keken a kafaɗa ya ratsa taɓo, wanda ya kamata ya ɗauke ka kai ka ɗauke shi. Lissafinmu na minti 4 a kilomita ya rushe. Kuma a daidai wannan wuri ne mota ma ba ta zuwa, ɗan acaɓa ya ninka kuɗi. Kwalbati guda ta siminti ba ta kai kuɗin motar da a ke saya wa babban mutum ɗaya ba, amma ƙauye guda ta ke buɗe wa hanya.

To, aikin wa ne? Ba sai mun je Abuja ba. Tsarin Mulki na 1999, a jadawali na 4, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai gina hanyoyi da kula da su, akwai kasuwanni da tashoshin mota. Akwai kuma, ku saurara da kyau, ba da lasin keke da kwalekwale da baro da amalanke. Allah Sarki! Doka ta san da keke, ta ambace shi da sunansa, amma a wajen karɓar kuɗi. Tun zamanin lambar keke haka a ke, mai keke ya biya, hanyarsa kuwa oho. Kuma kada a ce mana babu kuɗi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. In kuɗin na isowa sakatariyar Ikara da ta Makarfi da ta Hunkuyi, a nuna mana kwalbatocin. In kuwa ba ya isowa, shugabannin su fito su gaya wa jama'a inda ya maƙale, mu taya su kuka.

Abin da mu ke nema ba mai yawa ba ne. A bi hanyoyin ƙauyukan da ke cikin kilomita 15 daga kowace babbar kasuwa a gyara mashigan ruwa kafin damina, ba bayanta ba. A manyan tituna a bar kafaɗar hanya a share, kada a bari ta zama wurin ajiye lori da shanya barkono, domin ita kaɗai ce rabon mai keke. A kowace kasuwa a kafa rumfar ajiyar kekuna da mai gadi, tun da tsoron ɓarawo na cikin abin da ke sa mutum ya bar kekensa a gida. Sa'an nan a dawo da bashin keke ga malaman firamare da ƙananan ma'aikata. Ko da a ce keke ya kai naira 100,000, wanda ke kashe 1,000 kullum a mota ya fanshe shi cikin kwanakin aiki 100, bai kai wata 5 ba, daga nan abin da ya rage na tuwon yara ne.

Akwai wata magana da mu ke so iyaye su juya a zuciya, ko da ya ke mun san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ƙasarmu ba a saba ganin 'ya mace a kan keke ba. Amma yarinya nawa aka cire daga makaranta bayan firamare don kawai sakandaren na da nisa, uba ba shi da kuɗin mota kullum, kuma ba ya son ta yi tafiyar awa 2 a ƙasa ita kaɗai? A jihar Bihar ta ƙasar Indiya, talakawa manoma kamarmu, gwamnati ta soma ba 'yan mata masu shiga aji 9 kuɗin sayen keke a 2006. Masu bincike da suka bi sawun abin sun tarar shigar 'yan mata sakandare a kan lokaci ta ƙaru da kashi 32 cikin 100, kuma ƙarin ya fi yawa a ƙauyukan da makaranta ke da ɗan nisa. 'Yan matan a ayari su ke tafiya, ba ɗai-ɗai ba. Ba mu ce a kwaso al'adar wasu a jibge mana ba. Mun ce dai a zauna da malamai da iyaye mata a duba.

Game da 'yan'uwan nan biyu na rumfar rake, hukuncinmu shi ne Yaya ya fi gaskiya muddin ƙauyensu bai wuce kilomita 13 ba kuma hanyar ba ta yanke ba. Amma adadin da muka yi aiki da shi na misali ne, mu kuwa na gaske mu ke so, domin da shi za mu tunkari kansiloli. Saboda haka ranar kasuwa mai zuwa, duk mai agogo ko waya ya duba lokacin da ya fita ƙofar gidansa da lokacin da ya ajiye kaya a rumfarsa, ya rubuta sunan ƙauyensu, da abin da ya hau, da abin da ya biya, da wurin da hanya ta fi ɓaci. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, muna karantawa. A miƙa wa sakataren reshe, shi kuma ya aiko mana kafin ƙarshen wata, za mu buga su ƙauye ƙauye.